Yadda matafiya ke kare sanyin firji a ɗakin tafi-da-gidanka lokacin tsananin zafi

A Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai, akwai iyalai masu yawa da ba sa neman masauki a otal idan lokacin hutu ya zo. Sukan ɗaura wani ɗaki mai tayoyi a bayan motarsu, su kama hanya. Wannan ɗaki na tafi-da-gidanka, wanda mutanen Ingila da na Ostareliya ke kira karaban, yana ɗauke da gado da murhu da tankin ruwa da firji. A Ostareliya har laƙabi aka yi wa dattawan da suka yi ritaya suka mayar da wannan yawo rayuwarsu, ana ce musu makiyaya masu furfura.

Wuraren da suke ratsawa kuwa ba na wasa ba ne. Babbar hanyar Stuart, wadda ta tashi daga Port Augusta a kudancin Ostareliya ta dire a Darwin a arewa, ta haura kilomita 2,700, kuma akan yi tafiya mai nisa a kanta ba a ga gari ba. A watan Janairun 2022 zafi ya kai digiri 50.7 a ma'aunin Salshiyas a garin Onslow da ke yammacin ƙasar. A birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, an yi kwana 31 a jere a shekarar 2023 zafin rana yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Matafiyin da firjinsa ya gaza a irin wannan wuri zai yi asarar nama da madara, kuma idan akwai mai ciwon sukari a cikin iyalin, allurar insulin ɗinsa ma tana cikin haɗari.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, aikin firji kwashe zafi ne. Yana ɗebo zafin da ke cikinsa ya zubar a waje. Duk dabarun da matafiya ke bi sun taru a kan abu biyu: rage zafin da ke shiga, da buɗe wa wanda ke fita hanya.

Ma'aunin da ake nema

Hukumomin kula da lafiyar abinci a Amurka sun ce cikin firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, ɓangaren daskarewa kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Daga digiri 4 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta ke samun damar hayayyafa cikin sauri. Abinci mai saurin lalacewa, kamar nama da kifi da madara da dafaffiyar shinkafa, bai kamata ya wuce awa biyu a wannan tsakani ba. Idan zafin wurin ya haura digiri 32, wa'adin yana komawa awa ɗaya.

Hannu ba ya iya bambance digiri 4 da digiri 9 a ranar da ake gumi, domin duka biyun sanyi ne a wajensa. Saboda haka kayan aiki na farko shi ne ma'aunin zafi. Wanda ya fi dacewa shi ne mai sassa biyu, ɗaya a cikin firji, ɗayan a hannun matafiyi, yadda zai karanta lamba ba tare da ya buɗe ƙofa ba.

Firjin da wuta ke sanyaya shi

Yawancin ɗakunan tafi-da-gidanka, musamman waɗanda suka kwana biyu, suna ɗauke da wani firji da ya bambanta da na gidajenmu. Ba shi da kwamfuresa, ba ya ƙara, kuma babu ƙarfen da ke motsi a cikinsa. Wasu ɗaliban injiniyanci biyu a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a shekarar 1922, kamfanin Electrolux kuma ya karɓi fasahar ya kai shi kasuwa daga 1925. Duk wanda ya taɓa ganin firji mai aiki da kananzir a asibitin karkara, inda ake adana allurar rigakafi, ya ga ɗan'uwansa, domin fasaharsu ɗaya ce.

A bayan firjin akwai bututai da aka rufe ruf, a cikinsu akwai ruwa da amoniya da iskar haidirojin. Ana dumama wata 'yar tukunya da ke ƙasa, ko da harshen wutar gas ko da lantarki. Da ta ɗau zafi sai amoniya ta rabu da ruwa ta tashi sama a matsayin tururi. A can sama tana ratsa wani bututu mai fikafikan ƙarfe, inda iskar waje ke shanye zafinta har ta koma ruwa-ruwa. Daga nan ta gangaro cikin bututun da ya shiga jikin firjin, ta haɗu da haidirojin, wanda ke ba ta damar sake zama tururi. Wajen zama tururin ne take zuƙe zafin da ke cikin firjin, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa yake tafiya da zafi idan ya bushe, ya bar na ciki da sanyi. A ƙarshe ruwan da aka bari a baya ya sake shanye amoniyar a wasu bututai masu lanƙwasa, su koma tukunya tare, zagaye ya sake farawa.

Wannan tsari yana da rauni biyu. Na farko, ya dogara kacokan ga iskar waje ta kwashe zafi daga bututan baya. Idan iskar kanta ta yi zafi, amoniya ba za ta koma ruwa yadda ake so ba, sanyi ya ragu. Na biyu, babu famfon da ke tura ruwan, gangara kawai yake bi. Shi ya sa firjin da ya yi aiki lafiya lau a lokacin sanyi yakan fara ja da baya da zarar zafi ya haura digiri 32.

Bayan firji ake yaƙin

A jikin ɗakin, daidai bayan firji, akwai tagogin iska guda biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama ko a kan rufi. Iska mai ɗan sanyi tana shiga ta ƙasa, ta ɗebi zafin bututai, ta yi sauƙi, ta tashi ta fice ta sama. Idan wannan hanya ta toshe, ko iskar ta tsaya tana kewayawa a wuri guda, firjin yana zaune ne cikin zafin da shi da kansa ya fitar.

Abubuwa da dama ke jawo haka. Akwai ɗakunan da tun daga masana'anta aka bar sarari mai faɗi tsakanin bututan da bango, sai iska ta bi ta sararin ta wuce ba ta taɓa fikafikan ƙarfen ba. Masu ƙera firjin suna son tazarar ta kasance kaɗan, kimanin santimita biyu da rabi ko ƙasa da haka. Akwai kuma waɗanda aka bar musu rami a saman firjin, inda iska mai zafi ke taruwa ta kwanta. Maganin duka biyun shi ne a sa faifan ƙarfe ko katako ya karkatar da iskar ta bi ta cikin fikafikan, ta nufi taga kai tsaye.

Gyaran da ya fi kowane yaɗuwa a tsakanin matafiya shi ne ɗaura ƙaramar fanka, irin wadda ke cikin kwamfuta, a kusa da tagar sama, tana zuƙo iska mai zafi tana fitarwa. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, kuma ana iya haɗa ta da makunnin da ke tashin ta da kansa idan bututu ya yi zafi. Ɗakunan da tagoginsu biyu duk a gefe suke sun fi buƙatar wannan fanka, domin iska ba ta jan kanta da ƙarfi kamar a masu taga a rufi. A Turai kuma, inda ake toshe tagogin da murfi a lokacin hunturu, mantawa da cire murfin idan zafi ya shigo kuskure ne da ke hana firji sanyi.

Sai batun tsafta. Gizo-gizo da zanzaro suna son yin gida a bakin murhun gas ɗin da cikin bututun hayaƙi. Ƙura da tsatsa ma sukan taru. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne, tsayayye. Idan ya koma rawaya yana rawa, yana barin baƙin hayaƙi, to murhun na buƙatar sharewa, kuma aikin gas na gwani ne.

Muhimmancin daidaito

Tunda ruwan cikin bututai gangara yake bi, dole firjin ya tsaya daidai idan an yi fakin. Masu ƙera shi sukan ba da iyakar karkata ta kimanin digiri 3 daga gefe zuwa gefe, da digiri 6 daga gaba zuwa baya. Idan aka bar shi yana aiki a karkace, ruwa yakan taru a inda bai kamata ba, tukunya ta bushe ta yi zafi fiye da kima. A cikin ruwan akwai wani sinadari mai hana tsatsa, wanda zafin ke mayarwa ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri, ya toshe siririn bututun da ke ɗaga ruwa sama. Wannan toshewa ba ta warwarewa. Tana taruwa kaɗan-kaɗan, yau minti talatin a kan gangare, gobe awa ɗaya, har ranar da firjin zai daina sanyi gaba ɗaya.

Yayin da mota ke tafiya babu wannan fargaba, domin girgizar hanya tana hana ruwan kwanciya. Haɗarin yana wajen tsayawa. Idan za a tsaya cin abinci a kan tudu ko gefen hanya mai gangare, gara a kashe firjin har a tashi. A zango kuma a ɗora ma'aunin daidaito irin na magina, mai ɗan kumfa a cikin ruwa, a kan kantar firjin, a gyara tsayuwar ɗakin har kumfan ya zo tsakiya.

Shiri tun a gida

Hausawa na cewa tun ranar gini ranar zane. Irin wannan firji yana da jinkiri, yakan ɗauki daga awa takwas zuwa yini da kwana kafin ya kai sanyin da ake so. Wanda ya kunna shi da safiyar ranar tafiya, ya cusa masa lemo da nama masu ɗumi daga kasuwa, ya ɗora masa nauyin da ba zai iya saukewa ba a tsakar rana. Ƙa'ida ita ce a kunna shi tun jajibirin tafiya, a bar shi ya kwana yana aiki, sannan a zuba masa kayan da suka riga suka yi sanyi a firjin gida. Naman da ba za a ci ba sai bayan kwana biyu ko uku, a daskarar da shi tukuna.

Gorunan ruwa da aka daskarar su ne babban jarin matafiyi. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya narke, yana shanye zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Gora uku ko huɗu a kantar sama suna riƙe firji na tsawon sa'o'i, idan sun narke kuma ga ruwan sha. A dai bar ɗan sarari a wuyan gora kafin a daskarar, domin ruwa yana kumbura idan ya zama ƙanƙara.

Wajen shirya kaya a kiyaye abu biyu. Firjin da babu komai a cikinsa yana zubar da sanyinsa da zarar an buɗe ƙofa, wanda aka cushe maƙil kuma iska ba ta kewayawa a cikinsa, sai sama ya yi sanyi, ƙofa da ƙasa su yi ɗumi. A bar 'yar tazara tsakanin kaya, kada a shimfiɗa leda ko takarda ta rufe kanta, kada kuma a jingina komai da fikafikan sanyi da ke ciki. Ƙaramar fanka mai batir a cikin firjin tana taimakawa wajen raba sanyin. Idan ƙanƙara ta yi kauri a kan fikafikan, a narkar da ita kafin tafiya, domin ta zama bargo a kansu.

A kuma gwada robar bakin ƙofa. A saka takarda a rufe ƙofa a kanta, a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai zafi tana shiga ta nan dare da rana.

Zaɓi uku a kan hanya

Da an kama hanya, matafiyi yana da zaɓi uku: ya bar firjin a kan gas, ya mayar da shi kan wutar mota, ko ya kashe shi.

Gas ya fi ba da sanyi, kuma da yawa daga matafiyan Amurka a kansa suke barin firjinsu. Sai dai akwai haɗari. Idan aka yi hatsari bututu ya tsinke alhali tukunyar gas tana buɗe, gobara ta samu abinci. A gidan mai kuwa, harshen wuta ko tartsatsin da firjin ke yi wajen kunna kansa na iya haɗuwa da tururin fetur. Don haka wajibi ne a tsaya nesa, a kashe firjin, a rufe tukunya kafin a shiga shan mai. Akwai kuma wuraren da doka ta yi magana: hanyoyin ƙarƙashin ruwa na birnin Baltimore sun hana motoci masu manyan tukwanen gas bi ta cikinsu, jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa kuma yana sharɗanta a rufe gas. A Ingila da Ostareliya abin da aka saba shi ne a rufe tukunya a yi tafiya da wutar mota.

Wutar mota mai bolt 12 tana riƙe sanyin da aka riga aka samu ne kawai, ba kasafai take iya sanyaya firji mai ɗumi ba. Tana kuma da ci. Ƙarfen dumama mai wat 150 yana jan amfiya 12 da rabi. Batir irin na dalma mai ƙarfin amfiya-awa 100, wanda rabinsa kaɗai ya kamata a sha, ba zai wuce awa huɗu ba. Mai tsayawa sallah da cin abinci ya bar firji yana ja daga batirin mota zai iya dawowa ya tarar mota ta ƙi tashi. Shi ya sa ake sa makunnin da ke yanke wutar da zarar an kashe inji.

Kaurin waya ma yana da tasiri. Daga gaban mota zuwa firjin da ke cikin ɗaki akwai mitoci da dama, kuma siririyar waya tana zubar da ƙarfin wuta a hanya. Idan bolt 11 ne ya isa maimakon 12, zafin da ƙarfen ke bayarwa yana raguwa da kashi 16 cikin 100. Matafiya da yawa sukan zargi firji alhali laifin na waya ne. Maganin shi ne waya mai kauri ta musamman, da fiyus a kusa da batir.

Zaɓi na uku, wato kashewa, yana yiwuwa a gajeriyar tafiya. Firjin gida da aka ɗauke wa wuta yana riƙe abinci lafiya na kimanin awa huɗu idan ba a buɗe shi ba. Ɗakin da ke tafiya a rufe cikin rana ya fi ɗakin girki zafi nesa ba kusa ba, saboda haka kada a dogara ga awa huɗun sai da gorunan ƙanƙara da ma'auni.

Idan an sauka zango

Wajen yin fakin a lura da inda rana za ta faɗi. Gefen da tagogin firji suke shi ya kamata ya samu inuwa daga azahar zuwa la'asar sakaliya, lokacin da zafi ya fi tsanani. Idan babu bishiya, a kafa rumfa ko a rataya tabarma nesa kaɗan da bango, yadda za ta tare rana ba ta tare iska ba. A buɗe tagogin ɗakin da na rufi domin cikinsa ya huce.

Abin sha shi ne ke sa a yawaita buɗe firji, musamman inda akwai yara. A ware masa kula ta daban da ƙanƙararta, a bar firji ga abinci. Ragowar girki kuma a bari ya daina tururi, a zuba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi, a saka cikin wa'adin da aka ambata a sama. Sabon cefane mai yawa a jira da shi har dare, lokacin da firjin ke da sararin numfashi.

Sauyi zuwa kwamfuresa da sola

A 'yan shekarun nan sababbin ɗakuna da yawa suna zuwa da firji mai kwamfuresa da ke aiki da bolt 12. Yana sanyi cikin sauri, karkata ba ta dame shi sosai, babu harshen wuta, kuma ya fi jure zafi. Kuɗinsa shi ne lantarki. A ɗauka yana jan amfiya 4 idan ya tashi. Idan ya yi aiki awa 12 a yini da kwana, ya sha amfiya-awa 48. A ranar tsananin zafi, idan ya yi awa 18, ya sha 72. Dole batir da farantan sola su iya mayar da wannan kowace rana, kuma a nan batirin lithiyom ya fi na dalma, domin ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa. Irin wannan sauyi ne ya faru a harkar adana allurar rigakafi, wadda ke buƙatar digiri 2 zuwa 8, inda firji mai sola ke maye gurbin mai kananzir a asibitocin karkara.

Ko wane iri mutum zai saya, ya duba harafin yanayi da ke kan tambarin firjin. Mai harafin N an ƙera shi ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai ST ya kai 38, mai T kuma 43. Wannan bayani ya shafi duk mai sayen firji a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Alamomin da ba a wasa da su

Idan aka ji warin amoniya mai hawa kai, ko aka ga gari mai launin rawaya a bayan firji kusa da murhu, bututu ya fashe. A kashe firjin nan take, a rufe gas, a buɗe tagogi, kada kuma a taɓa garin da hannu domin guba ne. Amoniya da haidirojin suna iya kamawa da wuta, don haka kada a sake kunna shi sai gwani ya duba.

Game da abinci kuwa, ƙamshi da kamanni ba shaida ba ne, domin ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa ba lalle su sauya warin nama ba. Idan ma'auni ya nuna firjin ya haura digiri 4 fiye da awa biyu, nama da kifi da madara da dafaffen abinci a zubar da su. Kayan gwangwani da ba a buɗe ba, da burodi, da 'ya'yan itatuwa da ba a yanka ba, su ne za su kai iyali gari na gaba.